Kama gidan haya a Sakkwato: abin da za ka duba kafin kuɗi su bar hannunka

Ƙarfin ɗan haya yana nan ne muddin kuɗinsa na cikin aljihunsa. Kafin ka biya, mai gida zai saurare ka, dillali zai ɗaga wayarka, duk gyaran da ka nuna za a ce ai ƙaramin abu ne. Ranar da kuɗin shekara suka shiga hannun mai gida, kai ne za ka koma mai bi da roƙo. Saboda haka duk wani bincike, duk wani ciniki, duk wani sharaɗi, wurinsa kafin biya ne.

Fara da lissafin aljihunka. Kuɗin haya ba su kaɗai ne za ka fitar ba. A ce an yi maka kuɗin ciki da falo naira 400,000 a shekara. La'adar dillali bisa al'ada kashi 10 cikin 100 ce, wato 40,000. Wasu masu gidaje, musamman na filat, suna karɓar wani kuɗi su ajiye saboda ɓarna, wasu kuma su ce kai za ka biya lauyan da zai rubuta yarjejeniya. Ƙara da motar kwasar kaya, fenti, sabon kwado ko makulli, da ragar sauro a tagogi. Wanda ya tanadi 400,000 cif, to bai tanadi kuɗin gidan 400,000 ba. Sannan ka duba nisan gidan da wurin nemanka. Ma'aikacin asibitin koyarwa da ya kama gida a Kwannawa don ya fi araha, abin da zai kashe a kabu-kabu ko man fetur cikin wata 12 yana iya cinye rangwamen har da ƙari. Ɗalibin jami'ar Ɗanfodiyo da ke karatu a mazauninta na dindindin, Dundaye ta fi masa Mabera sauƙi ƙwarai. Ka rubuta kuɗin zuwa da dawowa na rana guda, ka ninka sau 26, wato kwanakin aiki a wata, ka sake ninkawa sau 12, ka ɗora kan kuɗin haya, sai ka kwatanta gidajen.

Dillali

Da wuya ka sami gida a cikin garin nan ba tare da dillali ba, kuma dillali na gari yana rage maka wahala. Sai dai ka sani cewa la'adarsa tana fitowa ne idan ciniki ya faɗa, don haka ba aikinsa ba ne ya nuna maka aibin gida. Ka nemi wanda aka sani a unguwar, mai wurin zama, wanda wani naka ya taɓa hulɗa da shi. Tun a zaman farko ku yanke magana: nawa ce la'ada, wa zai biya, kuma ba za a biya ba sai an miƙa makulli. Ɗan kuɗin mai na zagayen ganin gidaje ba laifi ba ne, amma kada ya zama kullum sai ka bayar ana nuna maka gidajen da an riga an kama. Idan dillalai uku ko huɗu suka haɗu a kan gida guda, wannan ya kawo wancan, la'ada ɗaya ce za su raba tsakaninsu, ba kowa da tasa ba.

Kalmar da za ka fi ji ita ce: "Alhaji, akwai wanda zai kawo kuɗi yau da la'asar." Wani lokaci gaskiya ce, sau da yawa kuma matsi ne. Gidan da ba za a ba ka kwana biyu ka bincika ba, ka bar shi.

Zafi, ruwa da damina

Waɗannan ukun su ne ke raba gidan zama da gidan wahala a Sakkwato, kuma ba a ganin su a ziyarar minti 10 da safe. Ka je gidan aƙalla sau uku: da rana tsaka, da dare, da kuma wani lokaci kai kaɗai ba tare da dillali ba.

Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40. Ka shiga ɗakin kwana tsakanin ƙarfe 2 da 4 na rana, ka rufe ƙofa, ka tsaya minti biyar. Ka dafa bangon da ke fuskantar yamma da tafin hannunka. Bangon bulo da ranar la'asar ke duka kai tsaye yana shan zafi ya riƙe, sai cikin dare ya dinga sako shi, har ƙarfe 1 ɗakin na nan kamar tanda. Idan akwai dogon yaro ko wani gini da ke yi wa wannan bango inuwa, ƙimar ɗakin ta ƙaru. Ɗaga kai ka dubi silin: idan ka miƙa hannu ka kusa taɓa shi, ya yi ƙasa, kuma fanka iskar zafi za ta dinga juyawa. Ka fita waje ka duba ko an bar kafofin shan iska tsakanin kwano da silin. Inda aka toshe su, zafin kwano ba ya da mafita sai cikin ɗaki. Tagogi su kasance a bango biyu daban, don iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Taga ɗaya, kome faɗinta, ba ta wadatarwa. Ka kuma tambaya ko akwai inda iyali za su shimfiɗa tabarma a tsakar gida lokacin bazara, domin a gidan haya na tarayya wannan wuri yakan zama abin rigima. Ginin ƙasa irin na cikin gari, wajen Kanwuri da tsofaffin ƙofofi, ya fi na bulo sanyi, amma yana son yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, sai a fayyace wa zai yi.

Ruwa kuwa, kada ka yarda da ganin kan famfo. Murɗa shi. Idan bai kawo ba aka ce "jiya ma an kawo", ka fita ka tambayi mai shagon da ke kusa ko masu ga-ruwa na layin: kwana nawa a mako ruwan gwamnati ke zuwa, da wane lokaci, kuma yana zuwa a watan Afrilu? Yawan kurar 'yan ga-ruwa a layi shi kansa amsa ce. Ka yi lissafi: jarka lita 25 ce, iyali mai mutum shida da ke amfani da jarka 8 a rana suna shan lita 200, wato tankin lita 1,000 kwana biyar zai yi musu. Ka tambayi kuɗin jarka a unguwar lokacin zafi, ba lokacin sanyi ba, ka ninka. Akwai gidan da kuɗin ruwansa na shekara ke kusan kamo kuɗin hayarsa.

Idan gidan na da burtsatse, tambayoyin sun canza. Da me ake tayar da injin, wutar NEPA, janareta ko sola? Wa ke sayen mai? Idan injin ya ƙone, mai gida ne zai saya ko karo-karo za a yi? Wa ke riƙe da makunnin? Ka ɗebi ruwan a kofi ka ɗanɗana, ka bar shi ya kwanta ka ga ko yana da laka. Idan rijiya ce, ka auna tazararta da ramin masai ko sokawe da ƙafarka. Ƙasa da mita 15 haɗari ne, an fi son 30, domin ƙazanta tana bi ta ƙarƙashin ƙasa ta shiga rijiya, daga nan sai zawo da taifot su zama baƙin gidan.

Damina gajera ce a nan, daga Yuni zuwa Satumba, amma ruwan Agusta yana saukowa da ƙarfi. Wanda ya kama gida da rani bai san halinsa ba sai ya karanta alamu. Ka dubi gindin katanga ta waje: layin datti ko sauyin launi da ya miƙe a tsayi ɗaya, shi ne inda ruwa ya tsaya bara. Ka dubi dokin ƙofar maƙwabta. Idan kowa ya ɗaga nasa da bulo ɗaya ko biyu, ko ka ga ragowar buhunan yashi a ƙofar gidaje, layin yana cin ruwa. Ka tsaya a titi ka kwatanta da daɓen tsakar gida: gidan da ya fi titi zurfi, ruwan titi cikinsa zai sauka. Wasu sassan Mabera sun daɗe da wannan matsala ta kwanciyar ruwa, haka ma duk wurin da ya gangara wajen fadamar Rima. Ambaliyar 2010 har hanyar shiga jami'a ta yanke. Ba a cewa unguwa duka ba ta da kyau, layi da layi ne, shi ya sa ake dubawa da ido.

A cikin ɗaki, tabon ruwan kasa a silin yoyo ne. Fentin da ya kumbura yana ɓarewa daga ƙasan bango, da farin gari kamar kanwa, danshi ne ke hawowa daga tushe, kuma sabon fenti ba ya maganinsa, wata uku zai sake fitowa. Idan ka ga an yi sabon fenti a gefe guda kawai, tambayi abin da aka rufe. Siririyar tsaga a filasta ba komai ba ce, amma tsagar da ta bi layin bulo kamar matakala, ko wadda ɗan yatsa ke shiga, tushe ne ya motsa. Ka ƙwanƙwasa katakon ƙofa da na taga. Idan ya yi ƙarar kogo ko ka ga hanyar jar ƙasa a bango, gara ta shiga. Iskar farkon damina tana yaye rufi a garin nan kowace shekara, don haka ka dubi bakin kwano ko ya ɗaga, ko an danne shi da duwatsu maimakon ƙusa.

Bayi: zuba bokiti guda ka ga yadda ruwa ke wucewa. Idan yana jinkiri ko yana dawowa, ramin ya cika ko bututu ya toshe. A kwashe kafin ka shiga, da kuɗin mai gida.

Wutar lantarki

Kaduna Electric ne ke raba wuta a Sakkwato, kuma abin da ya fi cutar sabon ɗan haya shi ne bashin wanda ya tashi. Idan mita mai kati ce, ka rubuta lambarta, ka sayi wutar naira 1,000 tun kafin ka biya haya, ka dubi rasit. Idan akwai tsohon bashi a kan mitar, za ka ga an cire wani kaso, yunit ɗin da aka ba ka bai kai na kuɗinka ba. Idan babu mita, takardar bil ake kawowa, ka nemi ta watan da ya wuce ka dubi inda aka rubuta bashin baya. Ƙa'idar NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki a ƙasar nan, ita ce bashin wuta na wanda ya sha ne, ba na sabon mai shiga ba, amma kafin a gyara maka a ofis za ka sha zirga-zirga, wataƙila ma an yanke layin. Mafi sauƙi, mai gida ya biya kafin ka shiga, ko a cire adadin daga kuɗin haya a rubuce.

Ka sa mai gyaran wuta da ka amince da shi ya duba bayan mitar. Idan wanda ya tashi ya yi satar layi ya zagaye ta, ranar da ma'aikata suka gano, wanda suka tarar a gidan shi za su kama da tara. Ka tambayi rukunin da layin yake: rukunin A an yi masa alkawarin awa 20 a rana kuma kuɗin yunit ɗinsa ya fi na kowa tsada tun ƙarin da aka yi a Afrilun 2024, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Alkawari ke nan. Abin da ake samu a zahiri maƙwabta ne za su faɗa maka. Ziyarar dare tana da amfani a nan: idan ƙwan wuta ya yi ja, fanka na juyawa da ƙyar, wutar layin ba ta da ƙarfi, firji ba zai yi sanyi ba kuma injinsa na iya ƙonewa.

Mita ɗaya ga ɗakuna shida tushen faɗa ce: wannan na da hita, wancan na da dutsen guga, wani na da na'urar sanyaya ɗaki, amma a ce a raba daidai. Ka nemi izinin sa ƙaramar mita a layin ɗakinka. Idan kana da niyyar ɗora sola a kan rufi, ka faɗa tun yanzu, a rubuta cewa taka ce kuma za ka cire ta ranar tashi ka toshe hudar ƙusa.

Wa ke da gidan, su wa ke ciki

Kada ka ba dillali kuɗin haya. Ka ga mai gida ido da ido, ko wakilinsa da mai gida ya tabbatar maka da bakinsa. Ka je wurin mai unguwa ka gaishe shi, ka ce: "Ranka ya daɗe, ina neman kama gidan wane, na zo in ji ko akwai wata magana a kansa." Wannan gaisuwa tana tona abubuwa da yawa, kuma ita ce za ta tsaya maka in wata rana rigima ta taso. Gidan gado da ba a raba ba yana buƙatar kulawa ta musamman: ka biya ɗaya daga cikin magada, bayan wata biyu wani ya zo ya ce bai sani ba. A nan sai ka ga takardar da magada suka wakilta mutum guda, ko manyansu su sa hannu a yarjejeniyar.

Idan har yanzu akwai mutum a ciki aka ce "ƙarshen wata zai fita", kada ka biya duka. Fitar da ɗan haya na iya ɗaukar watanni. In ya zama dole ka riƙe gidan, ka ba da ɗan kafin alƙalami a rubuce, da sharaɗin za a dawo maka da shi idan ba a ba ka makulli a rana kaza ba.

A gidan tarayya, maƙwabci ya riga ɗaki muhimmanci. Ƙofa nawa ke amfani da bayi ɗaya? Yaya ake juyin shara da wankin bayi? Ƙarfe nawa ake rufe ƙofar gida? Ana barin baƙi maza su wuce zaure? Mai iyali ya tura matarsa ko 'yar'uwarsa ta shiga ta zauna da matan gidan na ɗan lokaci, abin da za ta jiyo kai ba za ka taɓa ji a zaure ba. Kai ma ka faɗi gaskiyar halinka. Masu gidaje da yawa ba sa sa marar aure cikin masu iyali, kuma wanda ya ce yana da mata biyu da yara uku alhali su tara ne, da kansa ya ba da hujjar korarsa. Ka tambayi kuɗin 'yan sintiri na wata da na kwasar shara.

Rubutu

Haya a shari'a ijara ce, kuma ba ta inganta sai an san kuɗi an san muddar zama. Jin nauyi ne ke hana mutanenmu neman takarda, musamman idan mai gida dattijo ne. Ga yadda ake faɗa ba tare da ɓata rai ba: "Baba, ba don rashin yarda ba, saboda rai da mutuwa ne, a ɗan rubuta mana." Babu dattijon kirki da zai ƙi wannan. A mazhabar Malikiyya mutuwar mai gida ko ta ɗan haya ba ta warware haya, magada ne ke ci gaba har wa'adi ya cika, amma da me za ka nuna wa magada wa'adin idan babu takarda?

Takardar ba sai ta yi tsawo ba, kuma ana iya yin ta da Hausa. Ta ƙunshi cikakken sunan ɓangarorin biyu, kwatancen gidan da yawan ɗakunan da ka kama, adadin kuɗi da lamba da kalmomi, ranar farawa da ranar ƙarewa. Ranar farawa ta zama ranar da aka ba ka makulli, ba ranar da ka biya ba. A faɗi wace shekara ake nufi, ta Bature ko ta Musulunci, don akwai bambancin kwana 11. A rubuta lambar mita da bashin da ke kanta, kuɗin ajiya da sharaɗin dawo da shi, da wata nawa za a sanar da kai kafin ƙarin kuɗi. Shaidu biyu su sa hannu, ɗaya naka ɗaya nasa, kowa ya riƙe kwafi. Ka biya ta banki, cikin asusun da ke ɗauke da sunan mai gida, ka rubuta dalilin biya a wurin bayani, sannan ka karɓi rasit duk da haka.

Maganar gyara ita ta fi kawo saɓani. Bisa al'ada, abin da ya shafi jikin gini, wato rufi, katanga, ramin masai, babban bututu, na mai gida ne. Ƙwan wuta, kan famfo, makulli, gilashin da yaranka suka fasa, naka ne. Idan mai gida ya ce "gyara, ma cire a kuɗin baɗi", kada ka sayi ko buhun siminti ɗaya sai an kawo magini ya yi kiyasi, mai gida ya amince da adadin a rubuce ko a saƙon waya da za ka adana, kuma ka ajiye rasit na kowane kaya. Wanda ya sa tayil ko ya haƙa rijiya da kuɗinsa ba tare da wannan ba, kyauta ya yi wa gidan. Ranar shiga, kafin a sauke kaya, ka ɗauki bidiyon kowane ɗaki da wayarka: bango, silin, tagogi, soket, bayi, da lambar da mita ke nunawa, ka tura wa mai gida. Ka canza makullin ƙofar waje a ranar.

Sabuntawa da tashi

Daga watan farko ka raba kuɗin haya gida 12 ka dinga ware kaso ɗaya, ko ka shiga adashin da kwasarka za ta faɗo wata biyu kafin wa'adi. Idan ka ga ba za ka cika ba, ka je wurin mai gida tun da sauran wata guda da abin da ka samu, ka faɗi ranar cikawa. Ɓuya da kashe waya su ke sa mai haƙuri ya fusata.

Idan mai gida na son gidansa, akwai hanya. Inda yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, abin da aka saba a dokokin haya na ƙasar nan shi ne mai biyan wata-wata a ba shi notis na wata guda, mai biyan shekara-shekara wata shida, bayan ya cika a ƙara masa takardar kwana bakwai, sannan a je kotu. Amma idan takardarku ta ce shekara guda ce daga rana kaza zuwa rana kaza, ko kun amince da notis na wata uku, abin da kuka sa wa hannu shi zai yi aiki, don haka ka karanta wannan layin da kyau. Mai gida ba shi da ikon cire ƙofa, yaye kwano, yanke ruwa ko watsar da kayanka waje. Kotu kaɗai ke fitar da mutum. Kai ma ba ka da ikon zama ba biya don kana jiran notis, kuɗin kwanakin da ka ƙara suna kanka. Kafin kotu, a fara da shaidun yarjejeniya, sannan mai unguwa ko limamin unguwa. Mafi yawan rigingimun haya a nan suke mutuwa.

In kai ne za ka tashi, ka sanar da wuri gwargwadon abin da kuka rubuta. Ka toshe hudar ƙusoshi, ka gyara abin da ka fasa, ka biya wuta da ruwa da kuɗin sintiri har watan ƙarshe. Ka kira mai gida ko wakilinsa ku zagaya ɗakunan tare da bidiyon ranar shiga a hannunka, a yanke abin da za a cire daga kuɗin ajiya a wurin. Makulli kuma hannu da hannu za ka miƙa shi gaban shaida, a rubuta ranar a bayan takardar yarjejeniya ku sa hannu ku biyu, domin muddin makulli na wurinka ana iya lissafa maka haya ko da ka kwashe kayanka.